Dokin Da Na Bayar A Taku Na Huɗu

Na san wasunku da ganin kan wannan magana za su ce, "Wane doki kuma ɗalibi yake da shi, mutumin da ko keke bai mallaka ba?" To, ku yi mini haƙuri. Dokin da nake nufi na roba ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Amma duk da ƙanƙantarsa ya hana ni barci fiye da mako guda, kuma sai da na je har gida kafin in gane abin da ya same ni. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan mutum ya ba da abu mai daraja tun farkon wasa, da gangan, idonsa biyu, da wane ma'auni za a auna shi a ce ya yi dabara ko ya yi wauta?

Ni mutumin Dingyadi ne, cikin ƙasar Bodinga ta Jihar Sakkwato. Da rani, idan an gama girbi an kai gero rumbu, abin da dattawan unguwarmu suke yi bayan la'asar shi ne dara a gindin wata tsamiya. Gurabe talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. Da farko a yi ta zubi ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba sai an gama. Daga nan a shiga tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkacewa. Wanda ya jera uku ya ci, watau ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Babban abin da kowa yake nema shi ne abin da muke kira doki. Ana tsara 'ya'ya biyar ne yadda ɗaya zai riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika uku. Wanda aka kafa wa doki, sai dai ya share gurabe a sake sabon zubi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne gwanin wannan tsamiya. Mutum ɗaya na taɓa ganin ya sa shi ya yi gumi, wani dattijo mai fataucin albasa daga Shagari, wanda in ya biyo ta garinmu sai ya kwana don dara. A gefen Kawu na koyi wasan, ina tsugune ina tsince masa tsakuwa.

Da na zo jami'a sai na tarar da wata dara daban a ɗakin hutun ɗalibai, wadda Turawa suke kira ces, Larabawa kuwa shaɗaranji. Asalinta daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6, ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa, su kuma suka kai ta Turai ta hanyar Andalus. Gidajenta 64 ne, takwas sau takwas, ana kiran layukan tsaye da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuwa da lambobi daga 1 zuwa 8. Kowane gefe, fari da baƙi, yana da 'ya'ya 16: sarki, da sarauniya wadda Larabawa suke kira waziri, da hasumiya biyu, da giwa biyu, da doki biyu, da dakaru takwas. Babban bambancinta da tamu shi ne 'ya'yanta ba darajarsu ɗaya ba. Abin da ake fara koya wa kowane sabon shiga shi ne lissafi: dakare ɗaya ne, doki uku, giwa uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Sarki ba shi da kuɗi, domin in an kama shi wasa ya ƙare. Ana kuma yi wa sabon shiga gargaɗi cewa kada ya kuskura ya ba da uku ya karɓi biyu.

Na riƙe wannan gargaɗi har shekara guda, sai ran nan na ci karo da wani buɗin wasa da ya taka shi. Ga yadda yake, don wanda yake da allo a kusa ya jera ya gani. Fari ya tura dakaren gaban sarki zuwa e4, baƙi ya tura nasa zuwa e5. Fari ya fito da doki f3, baƙi ya fito da nasa f6. Wannan shi ake kira kariyar Petrov, da sunan wani gwani ɗan Rasha na ƙarni na 19, Alexander Petrov, kuma an san ta da tsauri kamar ganuwa. A taku na uku dokin fari ya ci dakaren e5, baƙi ya tura dakare d6 don ya kore shi. Abin da kowa ya saba yi a nan shi ne ya mai da dokinsa f3 lami lafiya. To, a buɗin da nake ba ku labari, dokin ba ya komawa. Gaba yake faɗawa ya ci dakaren f7, wanda yake gefen sarkin baƙi, ya sa sarauniya da hasumiya a baki lokaci guda. Ba abin da ya rage wa baƙi illa sarkinsa ya fito da kansa ya cinye dokin.

Wanda aka laƙaba wa wannan kasada sunansa John Cochrane, lauya ne ɗan Sikotilan da ya rayu daga 1798 zuwa 1878, ya kuma daɗe yana aiki a Kalkata ta Indiya. A can ya yi ta gwabzawa da wani gwani ɗan ƙasar Bengal, Moheschunder Bannerjee, kuma a cikin wasanninsu aka ga wannan taku a 1848. Idan aka yi lissafi, fari ya ba da uku ya karɓi biyu, watau ya faɗi da ɗaya tun ba a je ko'ina ba. Abin da ya samu a madadi shi ne abu biyu da ba su cikin lissafin. Na ɗaya, sarkin baƙi ya bar gidansa, kuma dokar wasa ta ce sarkin da ya taɓa motsawa ya rasa damar nan ta tsallakawa lungu a taku ɗaya ya ɓuya bayan dakarunsa. Na biyu, fari yana da dakaru takwas cif, baƙi yana da shida, saboda haka tsakiyar fili ta zama ta fari in ya iya tura su. Hausawa suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ran da na fara gwada shi, wani ɗalibi ne ɗan ajinmu ya zauna gabana. Da na jefa dokin f7 sai 'yan kallo suka yi tsaki, wani ma ya ce, "Malam, hannunka ne ya kuɓuce?" Abokin wasana ya cinye dokin yana murmushi. Na tura dakare d4. Sai ya ga dakarena na e4 ba mai tsaronsa, ya sa dokinsa ya cinye. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na kai sarauniya h5, na yi wa sarkinsa kashedi, ya ja da baya zuwa g8. Na dawo da ita d5, wani kashedin, ya tare da giwa a e6. Na cinye giwar, shi ke nan sarki ba mafita, domin giwarsa ɗaya da hasumiyarsa da dakarunsa su suka toshe masa hanya. Taku takwas kacal! Ɗaki ya ɗauki sowa. Daga ran nan aka sa mini suna Mai Kyautar Doki, ni kuwa kaina ya kumbura, ba wanda zai zauna gabana ya buɗe da kariyar Petrov ban jefa masa dokin ba. Dare ya zama nawa da allo, littattafai suna can suna shan ƙura.

Ana nan sai aka shirya gasa tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai, na kai wasan ƙarshe. Abokin karawata wani ɗalibin lissafi ne, mai sanyin hali, wanda na sha ganinsa a tsaye bayan 'yan kallo bai taɓa cewa uffan ba. Na sami fari. Da ya fito da doki f6 sai na ce a raina, yau ma an kawo mini abincina. Na jefa dokin, ya cinye ba tare da ya ɗaga kai ba. Na tura d4, bai ko dubi dakaren e4 ba, sai ya ɗaga giwa zuwa e7. Na fito da ɗaya dokin c3, ya kawo hasumiya e8. A nan ne gabana ya faɗi, domin na ga abin da yake nufi. Sarkin da na fitar daga gida, so yake ya mai da shi da ƙafa, taku ɗaya bayan ɗaya. Maimakon in fito da giwa c4 in yi wa sarkin kashedi tun yana fili, sai tsoro ya kama ni kada giwarsa ta zo g4 ta dami sarauniyata, na tura ɗan dakaren gefe h3. Ya mai da sarkinsa g8, ya gyara zama. Daga nan na shiga tsare wannan da tsare wancan, dakarun tsakiya suna tsaye ban tura ko ɗaya ba. Shi kuwa sai neman musaya yake yi, giwa da giwa, hasumiya da hasumiya, har sarauniya da sarauniya. Da fili ya yi sarari sai ga dokinsa guda yana yawo yana tsince mini dakaru, ni ba ni da abin korarsa. Dara ta ci gida. Na miƙa masa hannu.

A daren nan gardama ta kaure a ɗakinmu, aka rabu uku. Kashi na farko suka ce ai lissafi ba ya ƙarya, wanda ya ba da uku ya karɓi biyu ya riga ya kashe kansa. Kashi na biyu suka ce ba haka ba ne, ai da wannan dokin na ci mutane da dama, yau ce kawai ba sa'a. Na uku, mutum ɗaya ne, ya fito da wayarsa ya buɗe Stockfish, manhajar nan da ta fi kowane ɗan Adam iya wasan, ya jera mata taku huɗun. Ta nuna baƙi ne a gaba. Ya ce, "To, magana ta ƙare." Ya kuma tuna mana cewa tun 1997, da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, mutum ya daina ja da na'ura a wannan fage.

Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Da lissafi ne kaɗai, me ya sa Veselin Topalov na Bulgeriya ya jefa wa Vladimir Kramnik na Rasha wannan dokin a gasar Linares ta ƙasar Sifen a 1999, aka kuma tashi canjaras? Kramnik ɗin nan fa shi ne ya karɓe kambin duniya daga hannun Kasparov a shekarar da ta biyo. Da kuma sakamako ne ma'auni, to taku ɗaya ya zama hikima ran Talata, ya zama wauta ran Asabar, alhali kuwa allon bai sake ba. Ita kuwa na'ura, gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar wasan da ba a kuskure a cikinsa, wanda ni da abokan wasana ba mu taɓa yin irinsa ba. Da wannan damuwa na tafi hutu.

Kwana biyu da isata Dingyadi na ɗauki allona na nufi tsamiya. Kawu ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, wagga dara taku har da sarki da matatai?" Na zauna na bayyana masa tafiyar kowane ɗa, na faɗa masa darajarsu, sa'an nan na jera masa taku huɗun. Bai san wasan ba, amma ya yi shiru yana duban allon kamar yadda yake duban gurabensa. Can sai ya ce, "To, mi kas saya da dokin?" Na ce dakaru biyu. Ya ce, "Wannan canji na anka ba ka. Mi kas saya?" Na ce na fitar da sarkinsa daga gida. Ya ce, "Taku nawa zai yi shi koma?" Na ƙirga: giwa ta ɗaga, hasumiya ta fito, sarki ya koma. Na ce uku. Ya ce, "Ashe taku uku kas saya. To, mi kay yi da su?"

Na sake jera masa wasan kamar yadda ya gudana. Da na zo kan ɗan dakaren gefen nan na h3, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Wanga fa, wa ya aike shi?" Na ce tsoro nake kada a dami sarauniyata. Ya saki hannuna, ya ce, "Wanda yab ba da doki ba ya tsayawa gyaran darni. Ka sayi ƙanƙara da tsakar rana, kaz zauna kana kallonta."

Daga nan ya share ƙasa ya tona gurabe, ya ce in zauna mu buga tamu. Muna cikin tafiya sai na ga ya bar mini gurbi a buɗe, in na matsa tsakuwata guda na jera uku. Na duba, na sake dubawa, na matsa, na cinye masa kara ɗaya. Ashe tsakuwar da na matsa ita ce take toshe gurbin da yake nema tun ɗazu. Ya shiga gurbin, doki ya kafu. Ya yi ta kai da komowa yana tsince ni har na ɗaga hannu. Ya ce irin wannan ba kyauta ba ce, bashi ne ya ba ni, kuma tun kafin ya bayar ya san ranar biya da abin da za a biya shi. Amma akwai wata irin bayarwa, in ji shi, wadda ba ta da ranar biya, ita ce irin ta manomin da ya yi binne. Ya ɗebi iri daga rumbu, abin da iyalinsa za su iya ci, ya zuba cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, gerons ya riga na kowa tashi. In yayyafi aka yi aka ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, ya yi asara. Ba mai iya faɗa masa tun farko wanne zai samu. Abin da ake tambaya kawai shi ne, ya san ƙasarsa? Ya duba sama? Ya rage irin da zai sake shukawa? In kuma ruwan ya zo, yana nan da fartanyarsa ko ya tafi yawo?

Daga baya na tarar wani gwani ɗan Ostiriya, Rudolf Spielmann, ya yi irin wannan rabo a wani littafi da ya wallafa a 1935. Ya raba sadaukarwa gida biyu: wadda mai yin ta ya lissafa ƙarshenta ya san zai mai da abinsa da riba, da ta gaske, wadda ba a iya lissafa ƙarshenta, sai dai a dogara ga kyakkyawan zato da ƙarfin zuciya. Dokin Cochrane na gida na biyu ne. Wasan nan nawa mai taku takwas ya ruɗe ni, na ɗauka bashi nake bayarwa, alhali binne nake yi. Mikhail Tal, mutumin Riga wanda ya zama zakaran duniya a 1960, da irin wannan binne ya yi suna. Masu nazari sun zo daga baya sun gano ɓaraka a cikin wasu sadaukarwarsa, amma waɗanda suka zauna gabansa, agogo yana tafiya, ba su gano ta a lokacin da take da amfani ba. Bambancina da shi, ban da na gwaninta, shi ne in ya bayar ba ya barin abokin wasansa ya numfasa.

Akwai kuma tambaya ta ƙarshe da Kawu ya yi mini. Ya ce, "Shi yaron da yac cinye ka, ya taɓa ganin kana wanga abu?" Na ce ya sha gani, yana tsaye a baya. Ya girgiza kai ya ce tsuntsun da ya ga ana ɗana tarko ba ya faɗa masa, kuma shi kansa bai taɓa yi wa mutumin Shagari dabara ɗaya sau biyu ba. Ashe ke nan tun kafin in taɓa dokin na riga na yi kuskure. Ɗalibin nan da gangan ya buɗe da kariyar Petrov, ya san abin da zan yi, ya kuma shirya amsarsa tun daga ɗaki.

Na tattara 'ya'yan allona ina shirin tashi, sai Kawu ya ce in dakata. Ya bari sauran dattawa suka tafi alwala, ya rage murya ya ce, "Na ji an ce darussa biyu kaf faɗi bana." Na sunkuyar da kai, domin gaskiya ne, kuma dararen da na kwana kan allo su suka jawo. Ya ce, "Kai ka san ba kai kaɗai ka ba da doki ba gidanku."

A nan, mai karatu, dole in koma baya kaɗan. Shekarar da na sami gurbin karatu a jami'a, mahaifina yana da shanun huɗa guda biyu. Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka ya ja ɗaya ya kai kasuwa, da kuɗinsa aka yi mini rajista aka sayi katifa da sauran tarkace. Baffana, wan mahaifina, bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce sa ɗaya ba ya jan garma, saboda haka wanda ya sayar da ɗaya ya sayar da biyu. Ya ce ga 'ya'yan wane da wane sun gama jami'ar suna zaune ba aiki. Ya ce a bari sai kaka mana, in an sami amfani. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, lissafinsa bai da ɓaraka, kamar dai na'urar abokina. Mahaifina bai yi gardama da shi ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, gurbin ba ya jira har kaka." A daminar nan sai da ya haɗa sansa da na maƙwabci, ana yi wa wancan huɗa tukuna a zo tamu. Gonarmu ta yi latti, abin da aka samu bai kai na bara ba. Ban taɓa jin ya ambaci wannan a gabana ba, ko sau ɗaya.

Kawu ya ce, "Ubanka ya yi bizne. Damina huɗu yas saya maka da san nan. Biyu sun wuce. Kai kuwa kana can kana tura ɗan dakaren gefe." Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya nufi masallaci, ya bar ni zaune gaban gurabe.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na fahimta game da auna irin wannan bayarwa, ko a kan allo ko a wajensa. Ƙirga 'ya'ya yana da amfani, domin shi yake faɗa maka girman ramin da ka shiga, amma ba ya faɗa maka ko akwai ruwa a ƙasansa. Sakamako kuma mugun alƙali ne, yakan wanke mai ganganci in ya yi sa'a, ya ɗaure mai hikima in ruwa ya ƙi zuwa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me aka saya da abin da aka bayar, kuma kwana nawa abin zai yi kafin ya narke? Wa yake zaune a gabanka, kuma me ya sani game da kai? Sa'an nan wadda ta fi su duka nauyi: wanda zai ci gaba da wasan, zai yi tafiyar da bayarwar take bukata, ko zai tsorata ya koma tsaron abin da ya rage? Tambayoyin farko ana iya amsa su kafin a ɗaga hannu. Ta ƙarshe kuwa sai an bayar ake amsa ta, taku bayan taku. Shi ya sa ba a iya yanke wa sadaukarwa ta gaske hukunci a ranar da aka yi ta.

Game da dokin Cochrane, ra'ayina yanzu shi ne na'ura ta yi gaskiya, baƙi ne a gaba in ya san hanya kuma zuciyarsa ba ta rawa. Ba zan sake jefa shi gaban wanda ya san ni ba. Amma ban yarda wauta ba ne, domin yana sayen abu na gaske, ko da yake abin ba ya daɗewa. Wanda ya ga zai iya kashe taku ukun nan a kan sarkin abokin wasansa, ya kuma tura dakarunsa gaba ba waiwaye, ya jefa. Wanda ya san halinsa na tsoro ne, ya mai da dokinsa f3, ba abin kunya ba ne.

Game da san mahaifina kuwa, har yau ba a mai da shi ba, turkensa yana nan a bayan gida. Baffa bai sake ra'ayinsa ba, ni kuma ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure, domin wasan bai ƙare ba, kuma a hannuna yake. Ban daina buga ces ba, amma na mai da ita ta yammacin Asabar kaɗai, darussan nan biyu kuwa na sake su na haye. Na tabbata in aka bi ɗakunan kwananmu ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami ɗakin da ba a sayar da sa, ko tunkiya, ko gona, ko 'yan kunnen uwa saboda wani da yake kwance a ciki ba. Waɗanda suka bayar sun riga sun yi nasu takun, saura namu.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon fid da su kunya, amin.